Abin da Ake Gada a Barga: Daga Jafin Tsibiri Zuwa Tseren Motocin Amurka

Daga inda mahayi ke sakin linzami zuwa inda yake jan sa a ƙofar fadar Sarkin Gobir, a Tsibiri, tazarar ba ta da yawa. Ranar hawan sallah mahaya kan jeru, uku ko huɗu ko fiye, su taso a sukwane kamar za su bi ta kan sarki da fadawansa. Sai sun zo dab suke jan linzami, dawakin su zame da ƙafafun baya, ƙura ta turnuƙe, a ɗaga hannu a yi jinjina. Wannan shi ne jafi. Kafin ɗan kallo ya gyara tsayuwa an gama, wani ayarin ya taso.

Wanda ya san garin ya san ba kowane gida ke fitar da doki a wannan rana ba. Gidajen da suka fitar bana, galibi su suka fitar bara, su ne kuma tun zamanin kakanni. Haka abin yake a Maraɗi, haka yake a filin sukuwa. In ka tambayi dalili, amsar a bakin kowa take: abin a jini yake, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ni wannan amsar ba ta ishe ni ba. Jini ba ya sayen harawa, ba ya kuma gane doki mai ciwon ciki da tsakar dare. Abin da uba ke bar wa ɗansa shi ne turke, da hatsin da za a ciyar da abin da ke ɗaure a turken, da mutanen da suka san aikin.

Garin da doki ya riƙe

Ba a raba tarihin Tsibiri da doki. Gobir ta zamanin Alƙalawa, ta Bawa Jan Gwarzo da waɗanda suka gaje shi, da barade take taƙama. Amma a Tabkin Kwatto, cikin 1804, dawakin Sarki Yunfa masu lifidi sun sha kashi a hannun jama'ar Shehu Usmanu, waɗanda yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu kuwa ƙalilan. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa. Gobirawa suka yi shekaru suna tashi suna sauka, har zuwa yaƙin Gawakuke a 1836, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda. Bayan wannan ne Sarki Mayaƙi ya tattara sauran jama'a ya kafa Tsibiri a kwarin Gulbin Maraɗi, kusa da Katsinawan da su ma aka raba su da birninsu a 1807.

Garuruwan biyu ba su da yawan jama'ar da za su tari daular Sakkwato a fili gaba da gaba, don haka hari suka riƙa. A fita cikin dare, a ratsa daji, a faɗa wa gari, a juyo kafin gudummawa ta iso. Irin wannan yaƙi dokin da zai fizga nan take yake so, wanda kuma zai tsaya ya juya a inda aka ce. Ɗan Baskore na Maraɗi ya sha kai irin wannan hari ƙasar Katsina, kuma har yau sunan Ƙaura Hasau bai fita daga bakin makaɗa ba. Sarautun ma sun nuna haka: Ƙaura shi ne jagoran yaƙi a Maraɗi, yana cikin manya huɗu masu zaɓen sarki tare da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, a Gobir kuma akwai Ubandawaki. Da Faransawa suka kafu a farkon ƙarni na 20, hari ya mutu. Dokin bai mutu ba, sai ya koma hawan sallah, da rakiyar sarki, da kilisa, da sukuwa. Jafi shi ne abin da ya rage na wancan fizga da wancan tsayawa.

Lissafin turke

Doki bai san fari ba. Ko damina ta yi kyau ko ta ƙi, da safe yana jiran gero ko dawa, da yamma ma haka, ga harawa, ga dusa, ga kanwa a ruwa lokaci zuwa lokaci. A ƙasar da ruwan sama ke sauka wata uku zuwa huɗu kacal, rumbun da ake ɗebar wa yara tuwo shi ake ɗebar wa doki. Shi ya sa da kaka za ka ga an jibge harawar wake da ta gyaɗa bisa rumfuna da rassan itatuwa, don mai barga ya san in bazara ta kama, dami ɗaya sai ya ninka kuɗinsa. Gonakin noman rani na Jiratawa, kudu da Maraɗi, da aka shimfiɗa tun farkon shekarun 1980, sun shahara ne da zogale da kayan lambu, amma duk inda ake ban ruwa akwai ɗanyar ciyawa a lokacin da daji ya bushe, kuma masu dabbobi na birni sun san hanyar can.

Kuɗi rabin zance ne. Sauran rabin shi ne sani, kuma ba a lakwal ake koyar da shi ba. Yaron da ya tashi a gidan dawaki da kwasar kashi yake farawa, sai ban ruwa, sai wanka da goge jiki, sai jan ragama. Shekaru yake yi yana wannan kafin a bar shi ya ɗaura sirdi da kansa. Cikin waɗannan shekaru ne yake koyon abin da ba a faɗa da baki: dokin da ke tona ƙasa yana waiwayen cikinsa ba wasa yake ba, ba a shayar da doki ya ƙoshi yana cikin haki, ƙofato na son a duba shi kullum, majayi in ya yi sako-sako sirdi zai juye, in ya matse da yawa zai yi wa dokin rauni. Yana kuma koyon sunaye, akawal da kili da bidi da danda, da labarin bagazam na duwatsun Abzin, wanda tsofaffi ke ambata da girmamawa ko da ba su taɓa ganin sa ba. Da rani, idan gulbi ya ƙafe, yashinsa ya zama wurin horo, don gudu cikin yashi na ƙarfafa ƙafa.

Mafi wuya a cikin horon shi ne tsayawa. Kowane doki mai lafiya zai yi gudu in aka sa masa ƙaimi. Amma a ce ingarma na cikin sukuwa ya tattara jikinsa ya zame daidai inda ake so, bai kifa ba, bai tumurmushe jama'a ba, wannan aikin watanni ne. Linzaminmu na gargajiya kuwa ba shi da sauƙi, ƙarfe ne mai danne harshe da zobe mai kama haɓa. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa. A hannun wanda ya ari doki don sallah kawai, bakin dabbar ne ke biya, kuma duk mai zuwa kallon hawa ya sha ganin kumfa mai jini a kan linzami. In kana son sanin gidan da aka gaji abin, kada ka dubi adon jalala, dubi bakin dokin bayan an sauka.

Bayan barga akwai wasu gidajen gado da ba su hawa amma ba a hawa sai da su. Maƙeri ne ke ƙera linzami da likkafa, baduku ke ɗinka kayan ado da ragama. Fatar jar akuyar Maraɗi, wadda ta yi suna har ƙasashen Turai, tana cikin abin da ya ɗaga dukancin wannan yanki. Kowanne daga cikinsu a zauren ubansa ya koya, kuma ɗan mai barga a wurin ɗan badukun yake saye.

Gidan Dikko

Misalin da ya fi fitowa fili na gidan da ya riƙe wasan doki zuriya bayan zuriya yana tsallaken iyaka, a Birnin Katsina, wato kujerar da kakannin sarakunan Maraɗi suka bari. Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, mutum ne mai son dawaki, yana sa su a sukuwa, kuma a zamaninsa ne wasan folo ya kafu a Katsina. Ɗansa Usman Nagogo, sarki daga 1944 zuwa 1981, ya kai matakin gwaninta na 7 a folo, matakin da 'yan wasa ƙalilan ke kaiwa a duniya. 'Ya'yan Nagogo suka ɗora, ciki har da Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan Jihar Arewa a 1966, da Muhammadu Kabir Usman, wanda ya gaji sarautar har zuwa 2008. Ba wanda zai ce Nagogo ba shi da baiwa. Amma baiwar ta samu fili da aka share tun yana yaro, da dawakin da zai canja in ɗaya ya gaji, da 'yan barga masu yawa, da abokan wasa a cikin gida. Yara nawa ne a ƙauyukan Katsina da Gobir aka haifa da irin wannan zama a kan sirdi, suka ƙare rayuwarsu a kan jaki?

Daƙiƙa huɗu a Amurka

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wani wasa da ke nesa da mu ƙwarai, amma tsarinsa na jafi ne. A Amurka akwai tseren motoci da ba a zagaya fili. Motoci biyu ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a miƙaƙƙiyar hanya, fitila ta ba da izini, su fizga. A manyan azuzuwa biyu, Top Fuel da Funny Car, tsawon tseren mita 305 ne, ana cinye shi cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, gudun kuma na wuce kilomita 530 a awa. Injin na da ƙarfin doki kusan 11,000, ba fetur yake sha ba, wani sinadari ne na musamman. Birki kaɗai ba ya tsayar da motar, sai an saki laima biyu a bayanta. Bayan kowane gudu makanikai kan kwance injin su sake haɗa shi cikin kamar awa guda. Hukumar da ke kula da wasan, NHRA, Wally Parks ne ya kafa ta a 1951, da nufin janye samari masu tsere daga titunan gari zuwa fili mai doka.

A wannan wasa ba sunan da ya kai na John Force. An haife shi a 1949 a gidan talakawa, ya yi fama da shan inna yana ƙarami, ya yi tuƙin babbar mota, ya kuma yi shekaru yana shan kaye kafin ya fara cin gasa. Daga 1990 zuwa 2013 ya zama zakaran shekara sau 16, goma daga ciki a jere. Mu kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa, shi kuwa 'ya'ya mata Allah ya ba shi, kuma su suka gaje shi. Ashley ta zama mace ta farko da ta ci gasa a ajin Funny Car, a 2008, kuma wanda ta kayar a zagayen ƙarshe mahaifinta ne. Courtney ta ci gasa 12 kafin ta ajiye a 2019. Brittany ta zama zakarar Top Fuel a 2017 da 2022. Robert Hight, wanda ya fara a matsayin makaniki a gidan ya kuma auri babbar 'yar, ya zama zakara sau uku. Shi kansa John Force bai sauka ba sai da injinsa ya fashe a Virginia cikin watan Yunin 2024, yana da shekara 75, motar ta daki katanga tana gudun da ya haura kilomita 480, ya samu rauni a ƙwaƙwalwa.

Gado ba ya zuwa da daɗi kaɗai. Connie Kalitta, tsohon direban tsere kuma mai kamfanin jiragen dakon kaya, ɗansa Scott ya zama zakara a 1994 da 1995. Ranar 21 ga Yunin 2008, a Englishtown, motar Scott ta kama wuta dab da ƙarshen gudu, laimar ba ta riƙe ta ba, ta zarce ƙarshen hanya ta daki abin da ke gabanta, ya rasu. Saboda mutuwarsa ne aka rage tsawon tseren daga mita 402 zuwa 305, don a ƙara wurin tsayawa. Uban bai rufe garejin ba. Ɗan ɗan'uwansa, Doug Kalitta, ya ci gaba da tuƙi har ya zama zakara a 2023, bayan ya zo na biyu sau shida. Ko wannan juriya ce ko taurin kai, masu dawaki a nan sun fi kowa fahimtar sa, don akwai gidajen da doki ya karya wa uba ƙugu, ɗan kuma ya wayi gari yana ɗaura sirdi.

Dalilin da ya sa wasan ke zama a gidaje ƙalilan can shi ne dalilinsa a nan. Riƙe motar tsere guda na cin miliyoyin daloli a shekara, kuma kamfanonin da ke zuba kuɗin sunan da suka sani suke bi. Yarinyar da ta tashi tana jin ƙarar injin, tana ganin yadda ake shirya laima, ta riga baƙo nisa tun kafin ta kama sitiyari.

Zuriyar da ba a yi wa kirari

Akwai layi na biyu a gidan Force, kuma shi ya fi jan hankalina. Eric Medlen ɗan babban makanikin gidan ne, John Medlen. An ba shi mota, uban na shirya masa injin, ya fara cin gasa, sai ya rasu sakamakon hatsari a wajen gwaji a 2007. Uban ya juya ya ba da ƙarfinsa ga gyaran jikin motocin don kare kan direba. Austin Prock ma ɗan makanikin gidan ne, Jimmy Prock, jika kuma ga tsohon direba Tom Prock. A 2024 ya zama zakaran Funny Car a motar gidan Force, mahaifinsa ne ke shirya injin, ɗan'uwansa na taya shi. Can ɗin, ɗan mai riƙe sifana na iya hawa, kuma ana rubuta sunansa da na ubansa.

A nan fa? Sukuwar zamani ta bunƙasa a Nijar, akwai hukumar wasannin dawaki ta ƙasa, akwai filaye a Maraɗi da Yamai da Damagaram, dawaki na zuwa daga Najeriya su kara da na gida. Attajiran Maraɗi, waɗanda kasuwancin gyaɗa da na kan iyaka ya ɗaga, sun shiga harkar da ƙarfi, ana sayo dogayen dawaki daga Sudan da Chadi, har sai da aka ware musu aji dabam da na gida. Amma idan doki ya ci, sunan dokin ake kira, sai na Alhajin da ya mallake shi. Yaron da ya hau, wanda aka zaɓa don rashin nauyinsa, sau da yawa ba hular kwano mai kyau a kansa, tukuici yake samu. In ya yi jiki, a nemi wani. Dattijon da ya kwana a barga yana shafa cikin dokin, wanda a wurin ubansa ya koya, uban kuma a wurin kakan, maroƙi bai san sunansa ba. A fadoji da dama akwai Shamaki mai kula da bargar sarki, ko ba komai an ba aikin rawani. Bargar 'yan kasuwa ba ta da wannan.

A kwatanta da kokowa. Tun da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, an san wanda ya ɗauki takobi a kowace gasa, kuma filin kokowar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi. Yaro na iya jero maka zakarun. Tambaye shi mahayin da ya fi cin sukuwa shekara ashirin da suka wuce, ko uwar dokin da ya ci bara. Abin takaici, mutumin da ke cika takardar cacar dawakin Faransa a rumfar kan titi ya fi sanin asalin dokin da zai yi gudu a Faris bisa na wanda ke ɗaure a bayan gidansa.

Shekarun nan kuma ba su yi wa masu barga sauƙi ba. Annobar murar dabbobi ta 2019 ta kashe dubban jakuna a Nijar, ta taɓa dawaki. Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, duk lokacin da aka rufe kuwa zirga-zirgar dawaki da hatsi tsakanin Katsina da Maraɗi na tsayawa ko ta yi tsada. Ga 'yan bindiga a yankunan Gidan Rumji da Madarunfa, masu kore dabbobi da satar mutane. Magidanci da yawa ya yi lissafi ya sayar da doki ya sayi babur, wanda ba ya cin komai ranar da bai fita ba, yana kuma kawo kuɗin cefane ranar da ya fita.

Babur ɗin ma ya fara tara nasa gadon. A Maraɗi akwai garejin da uba ya buɗe, yanzu 'ya'yan ke kwance injin, ƙananan na wanke noti a cikin fetur kamar yadda takwarorinsu ke kwasar kashin doki. Akwai samarin da suka san yadda za a taɓa kafireto babur ya ƙara fizga. Kuma suna tsere, kowa ya sani. Suna yi ranar ɗaurin aure wajen rakiyar ango, suna yi da yamma a kan kwaltar da ta haɗa Maraɗi da Tsibiri, wadda babbar hanyar ƙasa ce ta zuwa Yamai, cike da manyan motoci da amalanken shanu da 'yan makaranta. Irin sha'awar da ke sa matashi sakin linzami a ƙofar fada ce, sai dai shi mai jafi an share masa fili, dogarai sun kori jama'a gefe, akwai kuma babba a bayansa da ya koya masa inda zai ja. Mai babur ba shi da ko ɗaya, sai jandarma da ke korar sa da likitan ƙashi da ke jiran sa.

Hani bai hana ba, shekaru ke nan ana yi. Abin da Wally Parks ya nema wa samarin Kaliforniya a 1951 bai fi ƙarfin ma'aikatar magajin gari da fada ba in sun haɗa kai: miƙaƙƙiyar hanya da za a rufe na wasu awoyi a wata, mita 200 ko 300 na gudu, fiye da haka na tsayawa, hular kwano dole, motar asibiti a gefe, da littafin da za a riƙa rubuta sunan wanda ya hau da na makanikin da ya shirya masa babur.